Layin da Ke Faɗa Wa Likita Ko Na'urar Zuciya Za Ta Yi Amfani

Ku dubi zanen da ke tafiya a kan takardar gwajin lantarkin zuciya. Tsinin nan da ya miƙe sama ya faɗo, likitoci na kiransa QRS. Shi ne lokacin da wutar zuciya ke ratsa manyan ɗakunanta biyu na ƙasa, ta sa su matsa su tura jini. A lafiyayyen mutum bai kai milisakan 120 ba (milisakan dubu ne sakan ɗaya), kamar ƙiftawar ido.

Wasu masu gazawar zuciya kuwa, hanyar wutar da ke zuwa hagu, wato reshen hagu, ta toshe. Sai saƙon ya fara bi ta dama, ya lallaɓa ta cikin tsoka, ya iso bangon hagu a makare. Wannan bango na matsawa, wancan bai ma farka ba. Zuciyar da ma ta raunana, ga ɗan ƙarfin da ya rage yana tafiya a banza.

Don irin waɗannan aka ƙera na'urar CRT. Ana dasa ta ƙarƙashin fatar ƙirji, waya ɗaya ta shiga ɗakin dama, wata ta bi jijiyar jini da ke bayan zuciya ta kwanta a kan bangon hagu, sai ɓangarorin biyu su buga tare. Amurka ta amince da ita a 2001, kuma binciken CARE-HF na 2005 ya nuna ta rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 36 cikin ɗari.

Sai dai kusan mutum ɗaya cikin uku da aka dasa wa ba ya samun sauƙin da aka yi fata. A yi wa mutum aiki, ya ɗauki haɗarin kamuwar ciwo a wurin, numfashinsa kuma yana nan yadda yake. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

An yi zaton eko, hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, zai raba gardama kan wanda na'urar za ta amfana, tunda yana nuna motsin bangon ido da ido. Binciken PROSPECT na 2008 ya nuna ma'aunansa ba abin dogaro ba ne. A 2013 kuma, binciken EchoCRT ya gwada na'urar a kan masu QRS ƙasa da milisakan 130 waɗanda eko ya ce bugunsu ya saɓa. Ba ta taimaka ba, mace-mace ma suka ƙaru.

Haka aka koma wa takardar nan mai araha. Abu biyu ake dubawa: faɗin QRS da siffarsa. Idan ya kai milisakan 150, siffar ta nuna toshewar reshen hagu, jinin da ɗakin hagu ke turowa a kowane bugu kuma bai wuce kashi 35 cikin ɗari na wanda ke cikinsa ba duk da shan magani, to nan ne aka fi sa ran nasara. Faɗi kaɗai bai isa ba. Mai toshewar reshen dama na iya samun QRS mai faɗi, amma ba bangon hagunsa ne ke makara ba, to me wayar za ta gyara?

Ko toshewar hagun ma akwai ta gaske da mai kama da ita. A 2011 mai bincike David Strauss da abokan aikinsa suka tsaurara ma'aunin: milisakan 140 ga maza, 130 ga mata, tare da ɗan tsagi a tsakiyar tsinin. Bambancin nan yana da dalili. Zuciyar mace ta fi ƙanƙanta, don haka makarar da ba ta kai ta namiji ba na iya zama babba a gare ta.

Takardar tana kuma tona bugun da ya rikice a ɗakunan sama, wanda kan riga na'urar bugawa ya hana ta aiki. Shi ya sa bayan dashe ake sake gwajin, a ga ko QRS ya tsuke, da kuma ko na'urar ce ke jan kusan kowane bugu.