Sharhi: Wa ke da alhakin ran ma'aikaci?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai leƙa wuraren da muke neman abinci, tun daga manyan masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa a Kano, har zuwa gareji da shagon walda da rumfar mai niƙa, mu ga abin da hukuma ta shimfiɗa don kare lafiyar ma'aikaci, da inda aka kwana wajen aiki da shi.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ne ke rasa rayukansu duk shekara sanadiyyar aikin da suke yi. Waɗanda haɗari ke kashewa nan take, irin faɗowa daga bene ko inji ya fizgi mutum, sun kai kimanin 330,000. Sauran kuwa cututtuka ne da aiki ke ɗora wa mutum sannu a hankali, ta hanyar ƙura da hayaƙi da sinadarai da aikin da ya wuce kima. Irin wannan mutuwa ba ta shiga labarai. Bawan Allah zai kwashe ƙuruciyarsa yana fasa dutse, ya koma gida da tarin da ya ƙi jin magani, a ce asma ce, wasu ma su ce sammu ne, alhali ƙurar dutse ce ta daskare masa huhu.

Nijeriya ba ta rasa doka ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a yi wa kowace masana'anta rajista, a rufe sassan injin da ke juyawa, a samar da iska da haske da ruwan sha da akwatin agajin gaggawa. Ta ce duk haɗarin da ya kashe ma'aikaci, ko ya hana shi aiki fiye da kwana 3, dole a sanar da sufeton masana'antu. Ta kuma hana a kulle ƙofa ta yadda na ciki ba zai iya buɗewa ba. Wannan sharaɗi na ƙofa kada a ɗauke shi ƙarami. A watan Satumban 2002, gobara ta tashi cikin dare a wata masana'antar roba a Ikorodu, jihar Legas, gomman ma'aikata suka ƙone, rahotanni kuma suka nuna an kulle su ne a ciki. Shekara 18 bayan haka, a lokacin kullen korona na 2020, 'yan sanda suka fito da ma'aikata sama da 100 daga wata masana'antar shinkafa a Kano, inda aka tsare su wata da watanni. Da wuta ta tashi a wurin, da wane labari za mu ba iyalansu?

To amma mafi yawan masu cin guminsu a arewa ba a masana'anta suke ba, sufeto kuwa bai san hanyar shagonsu ba. Ku tsaya bakin shagon mai walda ku gani. Yaron shago ne riƙe da ƙarfe, oga na ɗinke shi da wuta, shi ogan da baƙin tabarau na kasuwa, yaron kuwa runtse ido kawai yake yi yana kau da kai. Cikin dare sai ido ya kaɗa ya yi jawur, hawaye na zuba, kamar an watsa masa yashi. Gari na wayewa ya koma aiki, a ce masa haka kowa ya koya. Ku leƙa wurin niƙa, bel na gudu a fili babu murfi, yarinya ta sunkuya da hijabinta tana tare gari tazarar taku ɗaya da shi. Murfin da zai rufe bel ɗin nan, maƙerin unguwa zai haɗa shi da guntun kwano cikin yini guda. A gareji kuma makaniki na kwance ƙarƙashin mota, jak ɗaya ne tal ke riƙe da ita, babu ko kututturen da aka tokare ta da shi.

A nan ne jagororin kiyaye haɗari suke da wata hikima da ya kamata kowane maigida ya sani. Kwalkwali da safar hannu da takunkumi su ne matakin ƙarshe. Abin da ake fara nema shi ne a kawar da haɗarin tun daga tushe. In bai kawu ba, a sauya abu mai cutarwa da wanda ya fi shi sauƙi, ko a sa shinge tsakanin mutum da inji, ko a gyara tsarin aikin, sai daga baya a zo kan kayan kariya. Dalili a bayyane yake: takunkumi mutum ɗaya yake karewa, shi ma in zafi bai sa ya cire ba, amma yayyafa ruwa a kan dutsen da ake fasawa na kwantar da ƙurar kafin ta kai hancin kowa.

Zamfara ta koya mana wannan darasi da tsada. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu. Iyayensu masu haƙar zinare ne, suna kawo duwatsun zinaren, waɗanda ke ɗauke da dalma, cikin gida ana daka ana niƙa a bushe, ƙura na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, sun yi jinya, an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, amma babbar shawarar masana ita ce a fitar da niƙan daga gari, a riƙa jiƙa dutsen, mai aiki ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya shiga gida. A 2015 sai ga irin wannan musiba a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Haɗarin wurin aiki yana bin mutum har ɗakin matarsa.

Mun san abin da ake cewa idan abu ya faru: ƙaddara ce, kwana ya ƙare. Mun yi imani da ƙaddara, babu ja. Sai dai addinin da ya koya mana tawakkali shi ne ya ce a ɗaure raƙumi tukuna. Maigidan da ya san wayar wuta ta zare a shagonsa, ya bar ta don kada ya kashe kuɗi, ba shi da bakin yi wa uwar yaron da ta kama wa'azin haƙuri. Yaron nan amana aka ba shi.

Akwai kuma haƙƙin da ma'aikata da yawa ba su san suna da shi ba. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun biyan diyya da hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ke kula da shi, kuma daga aljihunsa, an hana shi cirewa daga albashi. Dokar ta haɗa da leburan wucin gadi da mai koyon sana'a, har da wanda haɗari ya same shi a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida. Wanda ya ji rauni ya sanar da maigidansa cikin kwana 14, kuma ya yi a rubuce ya ajiye kwafi, kada ya yarda a sallame shi da kuɗin allura da “Allah ya sawwaƙe”.

Ga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, tarar da ke cikin dokar 1987 an yanke ta ne da darajar nairar wancan zamani, yau ba za ta razana ko mai shagon kwano ba, balle mai masana'anta. Ya kamata Majalisa ta sabunta dokar, a ƙara sufetoci, a fitar da jagororin nan da Hausa, da boko da ajami, a karanta su a rediyo. Shugabannin ƙungiyoyin masu walda da makanikai da masu niƙa kuma, ku da kuke karɓar kuɗin ƙungiya duk mako, kuna da ikon da sufeto ba shi da shi: ku sa doka a tsakaninku cewa ba a ɗaukar yaro koyon walda sai da gilashin fuska, ba a tayar da injin niƙa sai bel ɗinsa a rufe, wanda ya saɓa kuma ƙungiya ta rufe masa shago har sai ya gyara.