Darasi: Aikin Ƙarshe a Kan Tsohuwar Na'urar Wasan Finbol ta 1975

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Yau da yardar Allah za mu rufe aikin gyaran wannan na'urar finbol, wato wasan buga ƙaramar ƙwallon ƙarfe a kan teburi mai gangare a ƙarƙashin gilashi, mai suna El Dorado, wadda kamfanin Gottlieb na Chicago ya ƙera a shekarar 1975, wato cikin na'urorin ƙarshe da ke aiki da kwayil (naɗin waya mai zama maganaɗisu idan wuta ta ratsa shi) da ƙaramin injin juyi da makunnai zalla, kafin allunan lantarki su karɓe kasuwar. Na ɗauka kun riga kun wanke farfajiyar wasan, wato katakon da ƙwallo ke gangarawa a kai, da maganin gogewa Novus 2 kamar yadda muka yi a darasin baya, saboda haka ba zan sake komawa kansa ba.

Na fara da kaki. Ni dai kakin karnoba nake amfani da shi, mai tauri, irin wanda ake shafa wa mota, amma wanda ba a gauraya shi da maganin goge fenti ba, domin fentin da ya haura shekara 45 ba ya jure gurza. Ku shafa siriri da tsumma mai laushi, ku bari ya bushe har ya yi fari-fari, sannan ku goge. Sau biyu ya wadatar. Zobban roba kuwa farare na sa, saboda su ne suka dace da na'urorin wannan zamani, sun fi tsalle, kuma ba sa barin baƙin ƙura a kan katako. Ina da sauran ƙunshi kaɗan da na haɗa daidai da girman wannan na'ura, har da robar filifa, wato 'yan sandunan da ake buga ƙwallo da su, mai bukata ya yi mini magana, ya huta da aune-aune.

To, yanzu ga wurin da nake so ku natsu sosai, domin nan ne ya taɓa ba ni wahala. Bari in ɗaga farfajiyar. A'a, ku dakata, na manta ban cire ƙwallon ba, kuma da na ɗaga haka da ta gangaro ta fasa mini robar ado, wadda ba a samun irinta da sauƙi. Na cire ta, na kuma zare filogi daga bango.

Kun ga wannan kwayil da ke ƙarƙashin filifa. Naɗin waya biyu ne a cikinsa: ɗaya mai kauri da ke ba da ƙarfin bugu, ɗaya siriri da ke riƙe filifa a sama idan ɗan wasa ya ci gaba da danna maɓalli. Wannan ɗan makunni mai harsuna biyu da ke gefensa shi ne alƙalin da ke raba su. A zaune yake a rufe, sai filifa ta kusa kai ƙarshen tafiyarta sannan wannan hannun ƙarfe ya ture shi ya buɗe. Idan ya buɗe da wuri, bugun zai fito a raunane, ƙwallo ba za ta kai jerin maƙasudan nan goma da ke can sama ba. Idan kuma bai buɗe ba sam, wutar mai ƙarfi za ta ci gaba da ratsa kwayil har ya ƙone. Na'urata ta farko haka ta yi mini. Ina ta murna da ƙarfin bugu, sai ƙaurin ƙonewa ya cika ɗakin, na leƙa na tarar takardar da ke naɗe da kwayil ta koma launin gawayi.

Yadda ake yi shi ne, ku tura sandan ƙarfen da ke shiga cikin kwayil da yatsa har ƙurya, ba ku ja filifa daga sama ba, domin akwai ɗan sassauci a mahaɗar da zai yaudare ku. Idan ya kai ƙurya, tazarar da ke tsakanin harsunan biyu ta zama kamar milimita 3. Nawa ya yi faɗi, kun gani, don haka zan lanƙwasa shi daga gindi, kusa da sukurori, ba daga tsakiya ba. Na ɗan zarce. Bari in mayar da shi kaɗan. Yauwa. Kan makunnin kuwa ana iya goga shi da siririn magagari tunda wannan tsohuwar na'ura ce, amma a na'urori masu allon lantarki, inda akasarin makunnai ke da rufin zinariya, ɗan kati mai tauri kawai ake zurawa a ja. Kuma don Allah kada mai ko giris ya taɓa wannan sanda. A bushe aka ƙera shi ya yi aiki cikin bututun nailan, mai kuwa ƙura yake tarawa har ya daskare.

Ƙwayayen fitila na sauya su duka zuwa lamba 47 maimakon 44. Dukansu na bolt 6.3 ne, sai dai 47 ba ta cin wuta sosai, haskenta ya ɗan ragu amma zafinta ma ya ragu, kuma zafi ne ke ɓare fentin gilashin baya. Wasu sun fi son LED. Ni a idona farin haskenta bai dace da zanen wannan zamani ba.

Ga masu kallo da ke ƙasashe masu wutar 220 zuwa 240, ku duba tiransifomar na'urarku kafin ku jona, domin wadda aka yi don kasuwar Amurka 120 take nema.

Saura daidaita ƙafafu. Ku ɗora ma'aunin magina mai kumfa a kan farfajiyar kanta, ba a kan gilashi ba, ku daidaita hagu da dama tukuna. Gangaren na'urorin yanzu wajen digiri 6.5 ne, amma waɗannan tsofaffi ba su kai haka ba, don haka ku ɗaga ƙafafun baya a hankali har wasan ya yi muku daɗi. Tsohuwar ƙwallon ku jefar da ita, domin duk ɗan tabon tsatsa a jikinta sanfefa ne a kan fenti; sabuwa, mai faɗin milimita 27, kuɗinta kaɗan ne.

Na goge gilashin ciki da waje, na zura shi, na ɗaure sandan gaba da ke riƙe shi. Bari in jona wuta in danna maɓallin farawa, ku saurari yadda fayafayan lissafin maki masu juyawa ke komawa sifili.