Kwana Biyu a Wata: Lacca Kan Fashin Makaranta

Assalamu alaikum. Iyaye da malamai, sannunku da zuwa. Na baya ku matso, akwai kujeru a gaba. Abu uku zan taɓo.

Na farko lissafi ne. A ƙasashe da dama shekarar karatu kwana 180 ce, ko da ɗan ɗoriya. Yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100, masana ilimi kan sa shi a sahun masu yawan fashi. Kwana 18 ke nan. Ku raba a wata tara, kwana biyu kacal a wata. Kwana biyu! Wa zai ga kwana biyu ya ɗaga hankalinsa? To a nan gizo ke saƙar.

Karatu jeren bulo ne, kowane layi a kan na ƙasa yake zaune. Ku ɗauki ɗebewa. Ranar Talata malam ya koyar da aro, yaro ba ya nan. Laraba aka ba shi 52 a ɗebe 27. Ya ga biyu ba ta kai bakwai ba, sai ya juya, ya cire biyu daga bakwai, ya rubuta 35. Amsar 25 ce. Ba daƙiƙi ba ne, wallahi ba daƙiƙi ba ne, darasi ɗaya ya wuce shi. Amma rabawa tana zuwa, ita kuma ɗebewa take buƙata a kowane mataki. Sai ka ji an ce yaron nan ba ya gane lissafi. Shi ma ya yarda, ya daina ɗaga hannu, ya koma kujerar baya. Za ku ce ai ya kwafi littafin abokinsa. Ya kwafi rubutu, bai kwafi bayani ba, bai ji tambayar da wani ya yi aka warware ba. Na maimaita, darasi ɗaya ne.

Makara ma fashi ce. Minti 15 kullum, a shekara awa 45, ya haura sati guda na karatu.

Na uku... au, na biyu ko? To, na biyu lafiyar yara ce. Ɗan firamare yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Kuma binciken wasu masana biyu, Miguel da Kremer, a makarantun Kenya, wanda ya fito a 2004, ya nuna maganin tsutsar ciki ya rage fashi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Na uku nauyin gwamnati ne: yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma, a sashe na 28, ta ɗora wa gwamnatoci nauyin ƙarfafa zuwa makaranta a kai a kai.

Na'am, Hajiya?

(Tambaya: yaron da ke kukan ciwon ciki kullum da safe fa?)

Ciwon da ke warkewa da ƙarfe goma, ko? (Dariya.) Kada ki ƙaryata shi, tsoro na murɗa ciki da gaske. A fara kai shi asibiti. In an ce lafiya lau, ki je wurin malamin ajinsa ki duba rajista: waɗanne ranaku yake fashi? In rana ɗaya ce take maimaituwa, ki dubi jadawali, wataƙila wani darasi yake gudu. In kullum ne, ki tambaye shi a natse, ba da safe ba, wa ke takura masa a hanya ko lokacin tara. Ranar da ya koma kuma, ki roƙi malam ya ba shi minti goma a kan abin da ya wuce shi.