Bugu 108: Yadda Ake Sallamar Shekara a Wuraren Ibadar Buddha na Japan

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina da ke sahun gaba, iyayenmu mata, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na can baya kuna ji na? To madalla.

Kafin wani ya fita ya ce malam ya koma tallar addinin Buddha, bari in share hanya. Ba aƙida na zo koyarwa ba. Mutane na zo mu duba, yadda wata al'umma ke sallamar shekararta, da abin da hakan ke nunawa game da zamanta. Na zaɓi Japan, domin idan aka ce sabuwar shekara a wajen mabiya Buddha, ba rana ɗaya ba ce. A Thailand da Myanmar da Sri Lanka tsakiyar Afrilu ake yi. China da Vietnam lissafin wata suke bi. Japan kuwa 1 ga Janairu take yi, kuma da dalili.

Har zuwa 1872 Japanawa ma lissafin wata suke bi. Sai gwamnatin Sarki Meiji ta sanar cewa ranar 3 ga wata na 12 ita ce za ta zama 1 ga Janairu, 1873. Wato watan ƙarshe na waccan shekarar kwana biyu kacal ya yi. Masu tarihi sun ce ban da son daidaita tafiya da Turawa, akwai batun aljihu: a tsohon lissafi shekarar da ke tafe wata 13 gare ta, ga baitulmali ba nauyi, sauya kalanda ya hutar da gwamnati biyan albashin watan. Kun ga gwamnati dai ko'ina gwamnati ce.

Shirin ba a daren yake farawa ba, da shara yake farawa. A birnin Kyoto akwai manyan wuraren ibada biyu maƙwabtan juna, Nishi Honganji da Higashi Honganji. Duk ranar 20 ga Disamba, tun da sanyin asuba, limamai da mabiya kan jeru a cikin babban zaure, kowa ya rufe hanci da baki, riƙe da sandunan gora. Sai su duƙa suna tafiya gaba a jere suna dukan tabarmin da aka shimfiɗe daɓen da su. Ƙurar shekara guda ta tashi ta turnuƙe zauren, wasu na biye da manya-manyan mafitai suna kora ta waje. Ba 'yan kwangila ake ɗauka ba. Tsofaffi ne da matasa, wasu daga garuruwa masu nisa suke zuwa musamman don su sha wannan ƙura. A gidaje ma haka ake yi, a share ko'ina, a biya bashin da za a iya biya, don kada a tsallaka da dattin bara.

Sai daren 31 ga Disamba. Abin da ake yi sunansa joya no kane, wato ƙararrawar daren ƙarshe. Ku cire ƙararrawar makaranta daga ranku. Tasu ta tagulla ce, a rataye a cikin rumfar katako, kuma ba ta da ɗan ƙarfen nan na ciki. Daga waje ake dukanta da gungumen itace da aka rataye a kwance da igiyoyi. A ja shi baya, a sake shi, ya je ya same ta. Ƙarar ba ta da kaifi. Kauri gare ta, tana fita a hankali, kuma takan daɗe tana gurnani kafin ta mutu.

Wadda ta fi suna ita ce ta Chion-in, shi ma a Kyoto, hedikwatar ɗariƙar Jodo da wani malami mai suna Honen ya kafa, wanda ya rasu a 1212. An ƙera ƙararrawar a 1636. Nauyinta kusan tan 70, tsayinta ya haura mita 3. Limamai 17 ne ke buga ta. Goma sha shida na riƙe da ƙananan igiyoyi, ɗaya na riƙe da uwar igiyar. Za su yi ta lilo da gungumen, gaba, baya, jagoran ya yi kira su amsa, sai a karo na ƙarshe shi mai babbar igiyar ya jefa jikinsa baya gaba ɗaya, ya rataye a jikin igiyar kamar zai faɗi rigingine, sauran kuma su saki tasu a daidai wannan lokacin. In ɗaya ya makara wajen saki, ƙarar ba za ta fito yadda ake so ba. Shi ya sa suke gwaji tun ranar 27 ga Disamba. Suna farawa kafin ƙarfe 11 na dare, kuma tsakanin bugu da bugu akan bar wajen minti guda, wasu limaman na gefe suna karatunsu suna kai goshi ƙasa.

Sau 108 ake bugawa. A wurare da yawa ana yin 107 kafin sha biyun dare, na ƙarshen a bar shi ya faɗa cikin sabuwar shekara.

Me ya sa 108? A koyarwarsu, wannan ne adadin cututtukan zuciya da ke wahalar da ɗan Adam, waɗanda tushensu uku ne: kwaɗayi, fushi da jahilci. Akwai lissafin da aka fi kawowa, masu biro ku bi ni. Ƙofofin da abu ke shiga wa mutum shida ne a wajensu: ido, kunne, hanci, harshe, jiki, da zuciya. Duk abin da ya shigo, ko ya yi daɗi, ko ya yi ɗaci, ko ya zama ba yabo ba fallasa. Shida sau uku, 18. Kowanne ko mai tsabta ne ko gurɓatacce, 36 ke nan. Sai a ninka da lokaci uku, wanda ya wuce, wanda ake ciki, da mai zuwa. Ya ba mu 108. Wasu kuma suka ce a'a, lissafin shekara ne: wata 12, da zanguna 24 na tafiyar rana, da ƙananan zanguna 72 na yanayi. Shi ma in ka tara 108 ne.

Ga wani abin da ba kasafai ake faɗa ba. Waɗancan wurare biyu da na ce ana dukan tabarmi, Honganji, su ba sa buga wannan ƙararrawa. Ɗariƙarsu, Jodo Shinshu, ta tafi a kan cewa mutum ba ya kankare cututtukan zuciyarsa da ƙoƙarin kansa, balle da ƙarar tagulla. To kun ga ko a cikin gida ba a taru a kan fassara ɗaya ba. Ni ma ban ɗauka tsohuwar da ke tsaye a layi cikin sanyi ta yarda bugu ɗaya zai cire mata hassada ba. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne tsarin kansa. An ware sama da awa guda, a tsakiyar dare, a kan mutum ya tsaya ya saurara, kuma abin da aka ce ya ƙirga ba abin da yake so ya samu baɗi ba ne, aibin kansa ne. Sannan ba a bar shi ya yi a ɗaki shi kaɗai ba, a gaban maƙwabta yake yi.

Yanzu mu bar Kyoto, domin Chion-in na 'yan kallo ne da kyamarori. Gidan rediyon ƙasar ya fara watsa ƙarar ƙararrawar wannan dare tun 1927, kuma har gobe tashar talabijin ta ƙasar, NHK, na nuna ta duk shekara. Amma ainihin al'amarin yana ƙananan wuraren ibada na unguwa da ƙauye. A can ba liman kaɗai ke bugawa ba. Mutanen unguwa ne ke bin layi, kowa ya ja igiya sau ɗaya, ya haɗa tafin hannu, ya matsa. Yaro ƙarami uba ya ɗaga shi su ja tare. An hura wuta a tsakar fili ana jin ɗumi, mata na raba amazake, wani abin sha mai zafi da zaƙi da ake yi da shinkafa. A gida an riga an ci taliyar soba ta tsallake shekara. 'Ya'yan da ke aiki a Tokyo da Osaka sun dawo hutu, a layin nan ne tsoho zai ga ɗan maƙwabcinsa da ya shekara bai gani ba, a nan ake sanin wa ya haihu, wa ya kwanta asibiti, gidan wa aka rufe.

Me ya ɗaure iyali da wurin ibada guda haka? Asalin abin ba daɗi. A ƙarni na 17 gwamnatin Tokugawa ta haramta addinin Kirista, ta tilasta wa kowane gida ya yi rajista da wani wurin ibadar Buddha, liman ya ba da takardar shaidar cewa mutanen gidan ba Kiristoci ba ne. Wato liman ya zama ma'aikacin ƙidaya kuma ɗan sa-ido. Dokar ta tafi bayan zuwan Meiji, amma alaƙar ta zauna. Ana kiran irin waɗannan gidaje danka. Su ke ɗaukar nauyin wurin, shi kuma yana riƙe musu kabarin zuri'a, inda ake ajiye tokar mamatansu, domin kusan kowa a Japan ƙona gawarsa ake yi. Yana riƙe da littafin sunayen waɗanda suka rasu, wani ya kai ɗaruruwan shekaru. Liman ne ke jagorantar addu'ar kwana 49, da ta cikar shekara, har zuwa ta shekara 33, kusan yadda wasunmu ke taruwa sadakar uku da ta arba'in. A da ma a irin waɗannan wurare yara da yawa suka koyi karatu da lissafi.

Kada in yi musu kwalliyar da ba su yi wa kansu ba. Su Japanawan da bakinsu suna yi wa abin laƙabi da addinin jana'iza, don wasu ba sa ganin liman sai an yi mutuwa, kuma kuɗin da ake kashewa ba kaɗan ba ne, har sunan da ake raɗa wa mamaci akan ba da kuɗi a kansa. Tun 1872 aka yarje wa limamai su yi aure, sai wurin ibada ya zama gadon gida, ɗa ya gaji uba. Inda ɗan ya dace, an dace. Inda bai dace ba, sana'a ce kawai.

Wuraren ibadar Buddha a Japan sun kai wajen 77,000, sun fi ƙananan kantunan nan da ba sa rufewa dare da rana yawa. Amma dubbai daga ciki ba su da liman mazauni. Kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen ƙasar sun kai shekara 65, haihuwa ta ragu, matasa sun tare a birane. Za ka tarar da liman ɗaya yana zagaya wurare uku ko huɗu, wani kuma yana aikin albashi da rana don gidajen da suka rage ba za su iya riƙe shi ba. Iyalai na kwashe tokar kakanninsu suna mayarwa kusa da inda suke zaune, su rufe kabarin ƙauye. To wa zai ja igiya? Wasu wuraren sun mayar da bugun zuwa rana tsaka, don tsofaffi ba sa iya fita cikin dusar ƙanƙara da dare. Wasu sun sa na'ura mai bugawa da kanta. A birni kuma matsalar daban ce, sababbin maƙwabta ne ke kai ƙorafin an hana su barci, har wasu wuraren suka daina. Dare ɗaya a shekara, jama'a!

Ba wannan ne karon farko da ƙararrawar ta yi shiru ba. A 1941 gwamnati ta kafa dokar tattara ƙarafa don yaƙi, aka sauke ƙararrawa masu ɗimbin yawa aka narkar, sai masu tsohon tarihi aka ƙyale. A wasu ƙauyuka dutse aka rataye a gurbinta don kada iska ta kayar da rumfar. Bayan yaƙi mutane suka yi karo-karo suka ƙera sababbi. Bambancin shi ne, a wancan lokacin tagulla ce ta ɓace, mutane na nan.

Wasu limaman sun gane cewa jiran jana'iza ba zai riƙe su ba. A 2013 an tsinci gawar wata uwa da ɗanta ƙarami a wani ɗaki a Osaka, babu abinci a gidan. Wani liman a jihar Nara ya dubi tulin kayan marmari da alewa da mabiya ke kawowa gaban gunkin Buddha, fiye da abin da iyalinsa za su iya ci, ya fara aika su ga gidajen iyaye mata masu renon 'ya'ya su kaɗai. A 2014 abin ya zama ƙungiya mai suna Otera Oyatsu Club, yanzu wuraren ibada sama da dubu na ciki. A girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta Maris 2011, wuraren ibadar da ke kan tudu sun zama mafaka, mutane suka yi makonni suna kwana a zaurukansu. Amma su ma ginin katako ne. Ranar 1 ga Janairu, 2024, da misalin ƙarfe 4 na yamma, girgizar ƙasa ta afka wa yankin Noto, ko kwana ɗaya ba a yi ba da gama bugun ƙararrawa, iyalai na tare a gida. Wuraren ibada da yawa sun rushe ko sun tsage, a yankin da dama tsofaffi suka fi yawa, kuma su ne ake jira su tara kuɗin gyara.

Na ga hannu a can. Bismillah, 'yata.

Tambayarta, ga waɗanda ba su ji ba, ita ce ko duk masu zuwa wurin nan masu imani da addinin ne. A'a. In ka tambayi Japanawa, mafi yawansu za su ce maka ba su da wani addini da suke bi. Mutum ɗaya zai ja igiyar ƙararrawa da tsakar dare a wurin ibadar Buddha, gari na wayewa ya nufi wurin bautar Shinto, addinin gargajiyarsu, don ziyarar farkon shekara, kuma bai ga ya yi wani abin mamaki ba. Wasu kuma a wurin Buddha suke yin ziyarar. Naritasan, kusa da babban filin jirgin saman Tokyo, yana karɓar mutane wajen miliyan 3 a kwana ukun farko na Janairu, kuma ba wanda ke tsayawa a ƙofa yana tambayar aƙidar kowa. Da yawansu roƙon lafiya da cin jarrabawa da albarkar kasuwa ya kai su, wato dai wani ɓangare na kwaɗayin nan da aka buga wa ƙararrawa jiya da dare. Limaman sun sani, kuma su ne ke sayar musu da layun.