Kabala: Hisabin Haruffa da Layun Yahudawa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau a kan Kabala ne, ilimin ɓoye na Yahudawa, da reshensa na layu da kiran sunaye. Sunan ya shiga wayoyin mutane, inda wasu ke tallar zobba da 'yan littattafai da sunan sirrin Yahudawa mai jawo kuɗi. Wanda ya ga yadda masu abin suke karanta shi, da irin shingen da suka kafa a kansa, zai yi wuya ya miƙa kuɗinsa. Yawancin Yahudawa ma ba su taɓa buɗe waɗannan littattafai ba.

Masu ilimin sun raba shi gida biyu. Akwai na nazari, wanda ke magana a kan Mahalicci da siffofi goma da suke kira sefirot. Akwai na aiki, wato rubuta laya da yi wa mala'iku rantsuwa da sunaye. Mafi tsufa a littattafan da suke dogara da su shi ne Sefer Yezira, ɗan ƙarami ne, 'yan shafuka kawai. Ya ce an yi halitta ta hanyoyi 32, wato sefirot 10 da haruffan Ibrananci 22. Ya kasa haruffan uku: iyaye mata 3, masu furuci biyu 7, sauran 12. In aka haɗa kowane harafi da kowane ɗan'uwansa, bibbiyu, za a sami 231, su ne yake kira ƙofofi. Sa'adiya Gawon, mutumin Fayyum ta ƙasar Masar, ya yi masa sharhi da Larabci a ƙarni na 10. Babban littafin kuwa Zohar ne, da harshen Aramiya, wanda ya bayyana a Kastil ta ƙasar Sifaniya wajen 1280 a hannun Musa de Leyon. An jingina shi ga Shimon bar Yohai na ƙarni na 2, amma Gershom Scholem, wanda ya kafa binciken wannan fanni a jami'a, ya nuna cewa mafi yawansa aikin zamanin de Leyon ne.

Matakin farko na aiki shi ne hisabi, su suna ce masa gematriya. Duk almajirin da ya haddace abajada zai gane shi nan take, domin jerin ɗaya ne: alef 1, bet 2, gimel 3, dalet 4, har yod 10, sannan kaf 20, lamed 30, mem 40, nun 50, har kof 100, resh 200, shin 300, taw 400. A nan haruffansu suka ƙare. Sai dai wanda ya gaji hisabin Magariba, kamar yawancin malamanmu, ya yi hattara. A wajensa sadi 60 ne, sin 300, shin 1000. A Ibrananci samek ne 60, sadi 90, shin 300, daidai da lissafin Gabas. In ya ɗora nasa a kan nasu, jimla ba za ta fito ba.

Ga yadda ake yi. Kalmar ehad, wato ɗaya, alef ce da het da dalet: 1 da 8 da 4, ya zama 13. Kalmar ahaba, wato ƙauna: 1 da 5 da 2 da 5, ita ma 13. A tara su, 26 ke nan, adadin sunan Ubangiji mai haruffa huɗu, yod 10, he 5, waw 6, he 5, sunan da Yahudawa ba sa furtawa. Daga nan mai wa'azi zai gina magana a kan kaɗaitawa da ƙauna. Kalmar hai, rai, 18 ce, shi ya sa har yau suke ba da sadaka 18 ko 36 ko 180.

Matsalar tana cikin yawan ƙofofin fita. Akwai ƙaramin lissafi, inda ake zubar da sifili, 300 ta koma 3. Akwai ƙa'idar ƙara ɗaya a madadin kalmar kanta in an sami giɓin ɗaya. Akwai masu ba haruffa biyar na ƙarshen kalma adadi daga 500 zuwa 900. Akwai cikawa, inda ake rubuta sunan kowane harafi gaba ɗaya a lissafa, kuma ta wannan hanya suna ɗaya mai haruffa huɗu yana ba da 72, ko 63, ko 45, ko 52, gwargwadon yadda aka rubuta he da waw. Mai wannan kaya a hannu, da ɗan haƙuri, zai iya daidaita kusan kowace kalma da wadda ransa ke so. Nahash, maciji, 358 ne. Mashiah, Almasihun da suke jira, shi ma 358. Mabiyan Shabbatai Zebi, wanda aka shelanta Almasihu a ƙarni na 17, sun ci kasuwa da wannan daidaito. Shi ya sa manyansu suka ce hisabi yana ƙarfafa abin da aka riga aka karɓa daga malami ne, ba a ƙirƙiro sabon hukunci da shi.

Hanya ta biyu musayar haruffa ce. Mafi shahara ita ce atbash: harafin farko ya koma na ƙarshe, na biyu ya koma na kusa da ƙarshe, haka har tsakiya. A Littafin Irmiya, sura 25 aya 26, akwai wani gari Sheshak. A juya shi da atbash, Babel ne, wato Babila.

Sai sunan nan mai kashi 72 da ake yawan bugawa a kan zobba. Asalinsa ayoyi uku ne a jere a Littafin Fitowa, sura 14, aya 19 zuwa 21, labarin tsagewar teku. Kowace aya tana da haruffa 72 cif. Ana rubuta ta farko yadda take, ta biyu a juye daga ƙarshe zuwa farko a ƙarƙashinta, ta uku yadda take a ƙarƙashin ta biyu, sannan a karanta daga sama zuwa ƙasa. Rukuni na farko waw, he, waw. Na biyu yod, lamed, yod. Na uku samek, yod, tet. Haka har 72, haruffa 216. Abin da ke ɓata aikin shi ne rubutun Ibrananci yana yarda a sa waw ko yod a wata kalma ko a bar su. In kwafin da ke hannunka ya ƙara waw guda, duk rukunan da ke bayansa sun goce. Fassara kuwa, ko Turanci ko Larabci ko Hausa, ba ta da amfani a nan, tunda ƙidayar haruffan ta tafi. Ga kuma haruffa masu kama da juna: dalet da resh, he da het, bet da kaf, waw da zayin. A jimla mai ma'ana, mai kwafi zai gane kuskure ya gyara. Waɗannan rukunai ba su da ma'ana, ba su da wasali, don haka kuskuren hannu ɗaya yakan bi kwafi bayan kwafi na ɗaruruwan shekaru.

Ibrahim Abulafiya, haifaffen Saragosa ta ƙasar Sifaniya a 1240, bai damu da laya ba. Shi burinsa buɗi ne. Ya umurci ɗalibi ya tsarkake jiki, ya sa fararen kaya, ya keɓe da dare, ya kunna fitilu da yawa, ya ɗauki alƙalami da tawada ya yi ta jujjuya haruffa har zuciyarsa ta yi zafi. Daga nan sai furuci. Ana haɗa alef da harafi ɗaya na sunan mai haruffa huɗu, a bi su da wasula biyar, biyar sau biyar, ma'aurata 25 a jadawali ɗaya. Kowane furuci da numfashinsa mai tsawo, kowane wasali da motsin kai: wanda ɗigonsa ke sama a ɗaga kai, wanda ɗigonsa ke ƙasa a sunkuyar, sauran zuwa dama, ko hagu, ko gaba da baya. Wanda ya yi kuskure a layi ya koma farkonsa. Shi kansa ya faɗi abin da ke biyo baya: rawar jiki, da tsoro, da jin kamar rai zai fita. Ya kai ga ganin kansa annabi, ya nufi Rum a 1280 don ya gana da Paparoma Nikolas na uku, sai Paparoman ya mutu kafin su haɗu. Babban malamin Barselona, Sulaiman ibn Adret, ya yi fatawa a kansa, aka ture littattafansa gefe na ƙarnoni.

Mu zo ga laya, wadda suke kira kameya. Talmud, babban kundin shari'a da maganganun malaman Yahudawa, ya san da ita, har ya yi mata ma'auni: layar da ta warkar sau uku ita ce tabbatacciya, ita aka yarda a fita da ita ran Asabar, ranar hutunsu ta addini. Mai rubutu yakan yi azumi, ya yi wankan tsarki, ya rubuta a kan jemammiyar fatar dabbar da ta halatta a ci, ba ya magana har ya gama. Ana ambaton mai layar da sunan mahaifiyarsa, kamar yadda mai ba da taimako a nan zai tambaye ka. Jikin rubutun yakan ƙunshi sunan Ubangiji, sunayen mala'iku, buƙata a fayyace, sannan ayoyi, musamman Zabura ta 91 da ta 121, sau da yawa da haruffan farkon kalmomi kawai saboda ƙarancin wuri. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce ta mai jego, don tsare jariri daga aljana Lilit, ɗauke da sunayen mala'iku uku, Sanoi, Sansanoi da Samangelof. Zanenta yana cikin Sefer Raziyel da aka buga a Amsterdam a 1701. Akwai kuma dabarar rage kalma. Talmud ya kawo ta a kan aljanin da ake zargi da makanta: shabriri, briri, riri, iri, ri. Yadda sunan ke ƙanƙancewa, haka ake fata cutar ta ƙanƙance. A Iraƙi, a wurare irin su Nippur, an haƙo kwanonin ƙasa masu yawa na kafin Musulunci da farkonsa, an rubuce cikinsu a zagaye daga baki zuwa gindi ko daga gindi zuwa baki, an kife su a ƙarƙashin gidaje don a danne aljanu.

Masu tsananin adawa da wannan reshe daga cikin gida suke. Musa bin Maimun, likita kuma malami, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya kira aikin masu rubuta layu wauta, ya kuma yi kakkausar suka ga masu cusa sunayen mala'iku a cikin mezuza, rubutun da ake maƙalawa a dogaran ƙofa. Za a ce ai shi mutumin falsafa ne. To ga Ishaƙu Luriya na Safad a yankin Galili, wanda babu sama da shi a Kabala ta baya. Ɗalibinsa Hayyim Bital ya rawaito cewa ya hana aiki da sunaye. Hujja ta farko, shari'arsu ta ce wanda ya taɓa gawa ba ya tsarkaka sai da tokar jar karsana, kuma wannan toka ta yanke bayan Rumawa sun rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70, don haka kowa yana ɗauke da wannan janaba. Ta biyu, sunayen da ke cikin littattafai sun gurɓata a hannun masu kwafi. Tun kafin su, Talmud ya ba da labarin malamai huɗu da suka shiga wannan fage: Ben Azzai ya mutu, Ben Zoma ya taɓu, Elisha ben Abuya ya bar addini, Akiba kaɗai ya fito lafiya.

Abin da ya mai da gargaɗi doka shi ne fitinar Shabbatai Zebi, mutumin Izmir. A 1665 wani matashin masanin Kabala, Natan na Gaza, ya shelanta shi Almasihu. Daga Yaman har Amsterdam mutane suka ruɗe, wasu suka sayar da dukiya suna shirin tafiya. A 1666 aka gurfanar da shi a fadar Sarkin Daular Usmaniyya a Edirne, ya karɓi Musulunci. Wasu mabiyansa suka ci gaba a ɓoye, kuma laya ce ta tona rigimar da ta biyo baya. A 1751, a Hambag da Altona, babban malami Yonatan Aibeshits ya ba mata masu ciki layu. Aka kwance wasu, aka kai wa wani babban malami, Yakubu Emden, ya warware rubutun da atbash da makamantanta, ya ce sunan Shabbatai ne a ciki. Aibeshits ya rantse sunaye ne masu tsarki aka karanta a karkace. Rigimar ta raba malaman Turai biyu, har ta kai gaban Sarkin Denmak, kuma har yau masana suna jayayya a kan wasu layukan, domin rubutun da aka ɓoye da musayar haruffa yana karɓar karatu fiye da ɗaya. A 1756 taron malamai a Brodi, a gabashin Turai, ya hana karanta Zohar kafin shekara 30, littattafan Luriya kuma kafin 40. Luriya kansa, a lura, yana da shekara 38 ya rasu, a 1572.

A yau karatun gargajiya yana nan a Ƙudus, a makarantu irin su Bet El, wadda aka kafa a 1737, wadda Shalom Shar'abi mutumin Yaman ya shugabanta. Aikinsu addu'a ce ta yau da kullum, amma kowace kalma da niyyar da ake ƙudurtawa a kanta, har sallar safe takan ɗauki sa'o'i. Laya ma ba ta mutu ba. A zaɓen Isra'ila na 1996 jam'iyyar Shas ta raba layu masu ɗauke da sunan fitaccen malamin Kabala Yizhak Kaduri, har hukumar zaɓe ta hana. A Amurka kuma aka mai da jan zaren ɗaurawa a hannun hagu haja, taurarin waƙa suna tallata shi.

Mai son ya karanci fannin don sani, tsarin masu shi a bayyane yake: Ibrananci tukuna, sannan Aramiya, sannan Attaura da Talmud, kafin a taɓa Pardes Rimmonim na Musa Kordobero, wanda ya tsara ilimin babi babi a 1548. Zohar kuwa, fassararta ta Turanci da Jami'ar Stanford ta buga tare da sharhi ta kai mujalladi 12, kuma sai a 2017 aka kammala ta.