Jawabin Maraba ga Mai Girma Sanata daga Kwamitin Iyaye da Tsofaffin Matuƙa Jirgin Sama, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Sanata, wakilin Mai Martaba Sarkin Zazzau, iyayenmu malamai, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da wannan rana.

Ranka ya daɗe, lale marhabin da zuwa birnin Zazzau. Aikinka a majalisa sananne ne, ba sai mun tsaya lissafi ba, kuma kowa a nan ya shaida ba a zuwa ƙofarka a koma hannu rabbana. Shi ya ba mu ƙarfin gwiwar fara jawabi da buƙata: muna roƙon ka ɗauki nauyin yaranmu biyu, matuƙi ɗaya da injiniya ɗaya, su je makarantar koyon gwajin jiragen sama.

Arewa ba baƙuwa ba ce a harkar jirgi. Jirgin sama ya sauka a Kano tun cikin watan Nuwamba na 1925, lokacin da jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar. A nan Zariya aka kafa Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama a 1964, shekara biyu bayan Jami'ar Ahmadu Bello. Yaron Palladan da ƙarar ƙananan jiragen horo yake tashi. Za ka ga ya ajiye tallan da ke kansa yana bin jirgi da ido har ya ɓace ta wajen Samaru. A Kaduna aka harhaɗa jiragen Air Beetle guda 60 domin horar da sojojin sama, can kuma aka ƙaddamar da Tsaigumi, jirgin da ba matuƙi a cikinsa, a 2018. Duk da wannan tarihi, ba mu da makarantar matuƙan gwaji ko guda a ƙasar nan, kuma abin na ci mana tuwo a ƙwarya.

Matuƙin gwaji shi ke fara hawa jirgin da aka ƙera sabo ko aka yi wa babban sauyi. Zai rage gudu da gangan har fukafukai su kasa ɗaukar jirgin, ya kashe inji ɗaya a sama, ya ga yadda jirgin zai yi, sannan ya sauko ya rubuta rahoton da injiniyoyi za su yi gyara da shi. Sai ya ce jirgi lafiya lau ake ba wasu su hau. Neil Armstrong wannan aiki yake yi kafin ya taka wata a 1969.

Hanyar doguwa ce. Ana son digiri a injiniyanci ko lissafi ko kimiyyar fiziks, da cikakkiyar lafiya, da tarin awannin tashi. Makarantar sojojin saman Amurka da ke Edwards ta saba neman awa 750. Yawanci ta aikin soja ake bi, amma makarantar Mojave a Kalifoniya tana karɓar farar hula. Akwai ta Boscombe Down a Ingila, wadda aka kafa a 1943, da ta Istres a Faransa. Cikakken kwas kusan shekara guda ne, matuƙi da injiniya kuma tare suke koyo, shi ya sa muka ce biyu.

Yallaɓai, kuɗin nan ya fi ƙarfin kowane gida a cikinmu. Matuƙin da muka zaɓa, mahaifiyarsa gonar gadonta ta sayar ya samu lasisi. Yau malami ne mai koyar da tuƙi, littafin awanninsa ya cika har an buɗe na biyu. Ta zo, ga ta can a sahun gaba. Mun kai kukanmu wurare da dama, an yi mana alkawari, shiru kake ji.

Akwai sauran buƙatu, kamar kayan ɗakin gwaje-gwaje a makarantun sakandarenmu da tallafin kuɗin lasisi ga 'yan mata masu sha'awar aikin, amma waɗannan za su iya jira. Shekarun yaran nan biyu ne ba sa jira, don akwai lokacin da ido da jiki ba za su ƙara cin gwajin likita ba. Takardunsu na cikin fayil ɗin da shugaban kwamiti zai miƙa maka yanzu hannu da hannu, kuma muna roƙon ka duba shi kafin ka bar Zariya.

Allah ya ja zamaninka, ya mayar da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum.