Kuɗin mai gyaran kwamfuta: nawa za a bar masa, nawa za a kai wajen tsaro

An kwafo wannan daga faifan laccar da aka yi wa ƴan kasuwa da masu kantin magani da masu shagon buga takardu a Maraɗi. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Alhazai, hajiyoyi, da samarin da ke tsare mana shaguna, sannunku da zuwa.

Zancenmu na yau na kuɗi ne, kuɗin da kuke ba mai gyaran kwamfuta. A ce kana ba shi jika 15 duk wata. A shekara jika 180 ke nan. To me aka saya da su? Galibi abu uku ake ta zagayawa a kai: kwamfuta ta yi nauyi an goge ta an sake zuba mata Windows, kile ta USB ta kwaso cutar kwamfuta an wanke, injin buga takarda ya ƙi jin magana an sake haɗa shi. Wata mai zuwa a koma gidan jiya. Mai gyara bai yi laifi ba, abin da aka kira shi ya yi ke nan, ba a taɓa biyansa don ya toshe hanyar matsalar ba. Shawararmu ita ce a raba kuɗin. Kaso babba ya koma tsaro da ayyukan da na'ura za ta iya yi da kanta, ƙarami ya rage wa mai gyara a kan aikin da sai an sa hannu an kwance inji.

Mu fara da makulli. Babu ɗan kasuwar da zai bar wa kafinta makullin mangazarsa don shi ya kafa ƙofar, amma da kwamfuta haka ake yi. Mai gyara ne ya buɗe adireshin Gmail na shagon da lambar wayarsa, shi ya san kalmar sirrin Wi-Fi, ya kuma bar AnyDesk ko TeamViewer a kunne don ya riƙa shiga daga nesa. Ran da ya tafi Yamai ko Kano neman aiki, ko aka sace masa waya, kun shiga uku. Ku zaunar da shi a wannan satin, a mai da lambar ceto ta Gmail, wato lambar wayar da ake maido da adireshin da ita in an manta kalmar sirri, zuwa layin mai shago, a sauya kalmar sirri, a cire manhajar shiga daga nesa ko a saita ta sai an amince daga shagon kafin a shiga. Na'urar Wi-Fi da yawa suna zuwa da admin a matsayin suna, admin a matsayin kalmar sirri, kuma har yau ba a sauya ba. Sannan a buɗe asusu biyu a kwamfutar: na mai gida, mai ikon zuba manhaja, da na yaran shago, wanda ba shi da wannan ikon. Duk wannan ko dala ba ya ci.

Inda aka fi cutar mutanenmu kuwa, a waya ne. Mutum zai kira ka da ladabi, ya ce an yi kuskure an turo maka wasu lambobi shida ta saƙo, ka taimaka ka karanta masa. Lambobin nan su ne na rajistar WhatsApp ɗinka. Kana karantawa, ya ɗauke shi zuwa wayarsa, ya fara bin abokan cinikinka na Katsina da Damagaram da Ɗan Isa da sunanka da hotonka, yana cewa a turo kuɗi ta Nita ko Airtel Money a wata sabuwar lamba. Ku fito da wayoyinku yanzu mu yi tare. Ku shiga Paramètres na WhatsApp, sai Compte, sai Vérification en deux étapes, wato makulli na biyu, ku sa lamba shida wadda ba shekarar haihuwarku ba ce, ku ƙara adireshin imel. Ku leƙa Appareils connectés ma, duk na'urar da ba ku gane ba ku fitar da ita. Ƙa'ida biyu kuma ku kafa wa yaranku. Ba a ba da kaya don an nuna saƙon turo kuɗi, sai an duba asusun an ga ya ƙaru, domin ƙirƙirar irin saƙon nan ba wuya. Idan kuma mai kawo maka kaya ya rubuto cewa ya sauya lambar karɓar kuɗi, ka kira tsohuwar lambarsa ka ji muryarsa kafin ka tura ko sisi.

Yanzu inda za a kashe kuɗi da gaske, wato ajiyar bayanai. Littafin bashinka, lissafin kayanka, takardun duwan da na haraji, in suna cikin kwamfuta ɗaya kawai, to ba ka da su. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen shagon. Wato na cikin kwamfuta, na faifan ajiya na waje mai girman tera ɗaya, da na intanet. Google Drive na ba da giga 15 kyauta, kuma ya ishi takardun ƙaramin shago in ba a cika shi da bidiyon biki ba. Kuskuren da ake yi shi ne barin faifan a jone dare da rana. Cutar da ke kulle fayiloli ta nemi fansa tana kulle duk abin da ta tarar a jone, har faifan. A jona, a kwafa, a cire, a tafi da shi gida. Duk wata kuma a buɗe fayil ɗaya daga cikinsa a tabbatar yana buɗewa.

Kada wani ya ce ai mu ƙanana ne, wa zai kula mu. Cutar ba ta zaɓe. A watan Mayun 2017 wadda ake kira WannaCry ta shiga ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka tsaya, alhali Microsoft ya fitar da maganinta tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. A nan kuwa ana kashe sabuntawa da gangan don kada ta cinye data, ko don Windows ɗin na sata ne. Wannan tattali ne mai tsada. Ku sani kuma tallafin Windows 10 na kowa da kowa ya ƙare ran 14 ga Oktoban 2025, don haka mai sayen kwamfuta ta hannu ya tabbatar za ta ɗauki Windows 11. Microsoft Defender, rigakafin cutar da ke zuwa cikin Windows, ya wadatar, ya fi rigakafin sata wanda shi kansa wani lokaci shi ne cutar.

Wutar NIGELEC kun san halinta. Ɗaukewar ba-zata ita ke lalata faifan cikin kwamfuta da fayil ɗin da ke buɗe. Na'urar riƙe wuta mai 650 VA za ta ba ka ƴan mintoci ka adana ka kashe. Batirinta mai 12 V yana gajiya cikin shekara biyu zuwa uku, zafin Afrilu da Mayu na ƙara rage masa kwana, kuma kada a jona mata injin buga takarda na leza.

Sai aikin da na'ura za ta yi da kanta. A saita Historique des fichiers, wato manhajar ajiyar bayanai da ke cikin Windows, ta riƙa kwafa da zarar an jona faifan. A Excel, a yi layi na yawan kaya da na iyakar da in an kai ta sai a sake oda, a sa gidan da aka rubuta yawan kayan ya koma ja da kansa in an kai iyakar. Masu kantin magani su ƙara ranar lalacewa, ya yi ja saura kwana 90. WhatsApp Business kyauta ne, yana da jerin kaya da farashi, da amsar da ke fita da kanta in shago na rufe. Abin da ke kashe wannan tsari guda ne: a rubuta kaya ɗaya da suna uku, yau taliya, gobe makaroni, jibi sunan kamfani. Lissafi ya watse. Kowane kaya suna ɗaya, lamba ɗaya, kuma mutum ɗaya ke da ikon ƙara sabo.

Masu shagon buga takardu, ku goge hotunan katin ɗan ƙasa da fasfon mutane in an gama aiki. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita.

Wani dattijo ya tambaya: Malam, to mu sallami yaron ke nan?

A'a, Alhaji. A sauya masa aiki dai. Ya zo duk wata uku da takarda a hannu: ya hure ƙurar cikin inji, musamman bayan hunturu, ya gwada batirin na'urar riƙe wuta ta hanyar zare ta daga bango, ya duba ko sabuntawa ta shiga, ya maido da fayil ɗaya daga faifan ajiya a gabanka. Duk kalmar sirrin da ya buƙata, kai za ka buga ta da hannunka, in ya gama ku sa hannu a takardar ku biyu, sannan a biya shi.